Masu Gadin Kasuwar Hatsi

A wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, ɓarayi suka matsa wa kasuwar hatsi lamba. Yau a fasa rumfa, jibi a farke buhunan gero a kwashe. Akwai ofishin 'yan sanda a garin, da mota ɗaya wadda ba ta tashi sai shugaban ƙaramar hukuma ya zuba mata mai. Ko ya zuba ɗin ma ba shi da bakin tambayar inda ta je, domin sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, DPO kuwa kwamishina yake saurare, kwamishina kuma Sufeto Janar a Abuja. Saboda haka da Sarkin Kasuwa ya kira taro, ba wanda ya ɓata bakinsa a kansu. Aka tsaya a kan a ba da kwangilar gadi.

Ɗan kwangila ya zo da babbar riga da jaka a hammata. Ya ce zai kawo masu gadi ashirin, kowa da tocila da usur da gora, ga babura biyu na sintiri. Kowace rumfa naira 2,000 a wata. Aka shafa fatiha. Don kada a ce ba a yi tsari ba, aka kafa kwamitin sa ido na mutum uku: Ma'aji, da Sarkin Dillalai, da wani Alhaji mai shagon buhu. Alhajin tsohon kansila ne, an ce ya ƙware a sa ido, don ya yi shekara uku a majalisa ba a taɓa kawo kasafi ya ƙi ɗaga hannu ba.

Watan farko usur ya hana unguwa barci. A wata na uku aka fasa rumfar mai wake. Ɗan kwangila ya zo jaje har da ƙwalla, ya ce ɓarayin yanzu ba irin na da ba ne, sai an ƙara shiri. Kuɗin rumfa ya koma 3,000. Da aka kwashe masarar wani bafatake sai ya ce ai kowa ya san yadda fetur ya tashi tun da aka cire tallafi a 2023. Wannan kam gaskiya ne, sai dai baburan ba wanda ya ƙara ganinsu a kasuwa tun ranar da aka ɗauki hoto. Ɗayan ma wasu sun rantse shi ne ɗan Ma'aji ke acaɓa da shi a tasha. Kuɗi ya koma 4,000. In an kwana lafiya a biya ɗan kwangila, in an yi sata a ƙara masa, wanda aka yi wa satar kuwa a ce Allah ya mayar da alheri.

Sai azumi ya zo. Wani yaro tela mai rumfa a bakin ƙofa ya shiga kwana a kan keke saboda ɗinkin sallah. In wuyansa ya gaji sai ya fito ya zaga. Ba da wata manufa ba ya fara ƙirga masu gadi. Shida. Ya ce wataƙila sauran suna can bayan rumbuna, ya leƙa, ba kowa sai kuliyoyi. Har aka ga watan sallah bai taɓa samun sama da bakwai ba, na bakwan ma a kan buhu yake minshari. Ya tambayi ɗaya nawa ake ba su, mutumin ya ce wata biyu ke nan ko sisi bai gani ba, batirin tocila ma da kuɗinsa yake saya.

A taron bayan sallah yaron ya miƙe, muryarsa na rawa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ko za a karanta mana takardar yarjejeniyar nan, da sunayen mutum ashirin ɗin?"

Ma'aji ne ya amsa. "Yaro, maganar tsaro ba a baje ta a faifai. In ɓarayi suka ji yawanmu fa?"

"Baba, ai ɓarayin sun riga mu ƙirgawa."

Aka yi 'yar dariya, Sarkin Kasuwa ya tsawatar. Malamin makarantar da ke rubuta musu bayanin taro ya ajiye biro, ya ce shi wannan amsa ba yau ya fara jin ta ba. Ya ce a 2010 an ba kamfanin ZTE na China kwangilar dala miliyan 470 ta kafa kyamarorin tsaro da hanyar sadarwar 'yan sanda, mafi yawan kuɗin bashi ne daga bankin China, kuma har 2023 sai da kotu a Abuja ta umarci gwamnati ta fito ta faɗi inda kuɗin suka shiga. Ya ce akwai kuma kuɗin tsaro da gwamnatin tarayya da gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi ke ware wa kansu ba rasit ba bincike, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa a faɗin ƙasa ya kai dala miliyan 670 a shekara.

"Malam," in ji Sarkin Kasuwa, "nan kasuwar hatsi ce, ba siyasa muka zo ba."

Ni ma ina bayan Sarki a nan. Ina ruwan mai sayar da dawa da abin da manya ke yi a Abuja? Su masu ilimi ne, suna da akanta da odita da majalisa mai kwamitoci. Ko kuɗin ƙananan hukumomi 774 da Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa ba su kai tsaye, ai akwai kansiloli da za su sa ido, irin su Alhaji.

Can ƙarshen tabarma wani tsoho mai sayar da igiya ya yi gyaran murya. Ya yi aikin ɗan doka a ƙuruciyarsa, zamanin En'e.

"Ni ba zan ce mu mutanen kirki ne ba," in ji shi. "'Yan NEPU sun sha kulki a hannunmu, kuma da aka haɗe mu da 'yan sandan tarayya a zamanin Gowon talakawa da yawa ba su yi kuka ba. Amma albashinmu daga baitulmali yake fita, kowa da lambarsa a littafi. Kullum da safe fareti, a kira suna ka amsa. Ɗana, kai Ma'aji, yaushe ka taɓa tsayar da mutanen nan a layi ka kira suna?"

Ma'aji ya ce shi mutum ne mai yarda da jama'a. Wata tsohuwar korama da ke bayan zana ta ɗaga murya ta ce, "To a karanta sunayen mana, ko na ji na jikana, don an karɓi hotonsa bara." Ba a karanta ba. Daga baya dai aka ji cewa a cikin ashirin ɗin akwai 'ya'yan Sarkin Dillalai biyu da ke karatu a Zariya, da wani ƙanen Alhaji da ya rasu tun kafin damina.

Kwamiti ya shiga ɗaki ya yi shawara, ɗan kwangila ya aika musu da lemo da tsire. Da suka fito Alhaji ya karanta matsaya. Na ɗaya, kwamiti yana son sanin abin da ya kai tela bayan rumbunan mutane da tsakar dare, don a watan nan ma an yi ɓatan buhu biyu. An ci shi tarar 5,000, kuma daga yau ba mai kwana a kasuwa sai masu gadi. Na biyu, tun da an fara shakkar ƙoƙarin ɗan kwangila, an sabunta masa kwangila ta shekara biyu, zai kuma kafa kyamarori a kusurwa huɗu don kowa ya gani da idonsa. Kuɗin rumfa 6,000.

Mai wake ya ce, "Alhaji, kasuwar nan fa ba wuta."

Alhaji ya duba takarda. "An yi tunanin wannan. Sola za a saka. Ita kuɗinta daban, Ma'aji zai zagayo ranar Laraba."