Sun Ƙi Duba Motar, Sun Aiko da Katin Juye

Ranar Talata wani aminina da ke nan Ohayo ya turo mini hoton katin da ya tarar a akwatin wasiƙarsa. Dillalin motocin unguwarsu ne ya aiko, da rubutu mai ƙyalƙyali: rangwame na musamman a kan juyen baƙin mai, har da sabuwar filta. Motar bawan Allahn nan ta lantarki ce. Ba inji, ba fulogi, ba salansa. Kuma dillalin nan shi ne tun kafin azumi yake yi masa yawo da hankali a kan wata 'yar fitila da ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa.

Laifin aminin nawa bai wuce ya sayo motar a Kalifoniya an ɗoro masa ita a tirela ba.

Kun dai san yadda ake yi. A tarbe ka baki har kunne, a nuna maka wurin kofi, sai mai rubuta takarda ya zagaya bayan mota ya hangi sunan wani dillali a jikin robar da ta kewaye lamba. Shi ke nan, fara'a ta tafi hutu. "Yallaɓai, a ina aka sayo ta?" Irin kallon da tela ke yi wa rigar da wani ya ɗinka ka kawo masa gyaran wuya. Daga nan sai a ce ai mutum ɗaya ne a garejin aka horar ya taɓa wayoyin batirin nan masu ruwan lemo, kuma ya tafi kwas. Wannan bawan Allah kullum yana kwas. In ya dawo, ina jin digirin digirgir zai zo da shi.

Amma katin ne ya hana ni barci. Na ce wa aminin nawa, "Alhaji, wallahi je ka karɓi rangwamenka." Ya faka, ya miƙa kati, ya ja kujera ya zauna, mu ga ta inda za su ɓullo wa juyen. Ko su ɗura man a tankin ruwan wanke gilashi, ko su zuba masa a galan ya tafi da shi gida ya shafa wa ƙyauren ƙofa da sarƙar keken yara. Filtar kuma a naɗe ta a leda, uwargida ta riƙa ajiye allura a ciki. In sun gama su manna masa 'yar takardar nan a gilashi, wai ya dawo bayan mil 5,000 a sake. Kwamfutarsu ta san adireshinsa, ta san launin motar, ranar haihuwarsa ma saƙo take aiko masa. Abu ɗaya ne ya shige mata duhu, cewa motar ba ta da inji. Wajen aiko kati ɗan gida ne, wajen gyara kuma baƙon Kalifoniya.

To ni abin da ke ƙona mini rai, mutumin nan ba bara ya je ba. Garanti na kamfanin da ya ƙera mota ne, ba na wanda ya miƙa makulli ba, kuma kamfanin ke biyan dillali kuɗin aikin. Batirin irin waɗannan motoci galibi garantinsa shekara 8 ne ko mil 100,000. Su dillalan nan fa su ne suka kasa suka tsare a majalisun jihohi aka hana kamfanoni sayar wa jama'a mota kai tsaye, wai su ne na kusa da mai saye, su za su riƙe shi in ta ɓaci. A Mishigan sai a 2020 aka sasanta da kamfanin Tesla a kan wannan rigima. To ga ta nan ta ɓaci, ina riƙon? Maganar gaskiya, motar da ba ta shan baƙin mai ba ta dawo da mutum gareji duk bayan 'yan watanni, shi ya sa ake yi mata kallon cima-zaune.

Ita ma Kalifoniya da nata. Tun 1990 ta kafa dokar tilasta wa kamfanoni sayar da motocin da ba sa hayaƙi, wasu kuwa suka yi biyayya suna ƙunƙuni. RAV4 ta lantarki da Toyota ta yi daga 2012 zuwa 2014 a can kaɗai aka sayar da ita. Fiat 500e kuwa, shugaban kamfanin da kansa, Sergio Marchionne, ya fito a 2014 ya ce yana fatan kada a saye ta, don kowace ɗaya asarar dala 14,000 take ja masa. Ɗan kasuwa gaban jama'a yana roƙon Allah ya kore masa ciniki! Ni dai na tabbata akwai wanda ya ji maganar nan ya zura takalmi ya je ya ɗauko guda biyu, don mugunta kawai. Da zan samu lambar wayarsa, da mun ƙulla zumunci.