Ai Ɗan Tsuntsu Ne

Mu fa, daga Getso har Garo, kashi biyu muka yi wa tsuntsaye: mai ci mana gero da wanda muke ci. Jan-baki kowa ya san shi, shi ke sa a tashi yara da sassafe su je kaɗa gwangwani a gona. Hasbiya da kurciya tukunya ta san su. Shamuwa kuwa an ɗaga mata ƙafa, don ita ke kawo albishir ɗin damina. Amma ɗan mitsitsin nan mai ruwan ƙasa da ke tsalle a ciyawar bakin dam ɗin Guzuguzu, tambayi majalisa guda, sai ka ji, "Ai ɗan tsuntsu ne." An wuce wurin.

Ashe ba ɗaya ba ne. Masana suna kiran danginsu Cisticola, sunan da wani Bajamushe, Kaup, ya raɗa a 1829, kuma sun kai iri hamsin ko kusa da haka, kusan duk a Afirka. Kama ta yi yawa, har da kuka ake rarrabe su: wannan ya tashi sama yana "tsit, tsit", wancan ya maƙale a fadama yana ƙara kamar ana ɗaure agogo. Wani hafsan sojan ruwan Ingila, Lynes, ya yi shekaru yana bin su, a 1930 ya fitar da littafi sukutum a kansu. A da an cusa su cikin wani babban gidan tsuntsaye, daga baya binciken ƙwayoyin halitta ya ware musu nasu gidan.

Da malamin firamaren unguwarmu ya kawo wannan labari a majalisa, wani dattijo ya dube shi, ya ce, "Malam, shi sojan ba shi da gona ne?"

Aka yi ta dariya. Malam ya ce, "Baba, ai gonarka suke wa aiki. Ba sa taɓa gero. Fara, tsutsa da ƙananan ƙwari ne abincinsu."

"To su zo gonar wakena mana, in huta da sayen maganin feshi."

Nan fa gizo ke saƙar. Mu ne masu feshin da ke kashe abincinsu, mu ne masu cinna wa ciyawa wuta da rani, alhali cikin ciyawa suke rayuwa, a nan suke ɗinke sheƙa da yanar gizo-gizo in damina ta faɗi. Yaranmu kuma ga danƙo a wuya, suna harbin tsuntsun da ko loma ɗaya bai kai ba.

Baba ya ce shi dai ba zai hana jikokinsa harbi ba, don sun fi rashin sa da samu.