Neman Masauki a Bazara

An ce a Turai, da zarar Yuli ya kama, sai iyali su kira taron gaggawa. Girka za a je ko Italiya? Otal za a kama ko gidan haya mai kallon Bahar Rum? Ɗan Najeriya da ke son bin sahunsu, kuɗin biza kaɗai yuro 90 ne. Duk wannan don a samu a kwanta cikin rana, a kan yashi.

Mu a Sabon Garin Wudil rana kyauta ce, har da gyara. Yashi kuwa tifa-tifa ake kwasa daga kogi ana kaiwa Kano.

Namu zaɓen masaukin a Afrilu ake yin sa, kuma ba a yi masa garaje. Ɗaki dai ya faɗi zaɓe tun la'asar, rufin kwano ya gama gasa shi. Tsakar gida akwai iska, amma sauro ya riga kowa kama wuri. Ƙofar gida ta samari ce, mutum uku tabarma ɗaya. Maigida zai zagaya da matashi a hammata, ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "Uwargida, yau ina ya fi?"

"Malam, duk inda akuya ba ta riga ka ba."

Mai son bakin ruwa ya gangara gindin gada. Ga kwalekwale, ga soyayyen kifi, babu mai tambayar fasfo. A dai kiyayi Juma'a. Ranar kasuwar Kara ce, kuma shanu ba sa bin layi.