Masu Zuwa Ganin Teku daga Dogon Dutsi

Ruwan da ya fi girma a idon yaron Dogon Dutsi shi ne Tapkin Saw, shi ma sai damina ta yi albarka. Dallol Mawri kwari ne da koginsa ya ƙafe tun kafin kakannin kakanni, ruwan ya nutse ƙasa, sai da guga ake gaisawa da shi. Shi ya sa in aka rufe lakwal don babban hutu, ma'aikaci ya ɗan tara abin da ya tara, ɗan kasuwa ya ƙirƙiro dalilin sayayya, sai ka ji ana cewa za a tafi Kwatano ganin teku.

Turawa in za su yi irin wannan hutu, jirgin ruwan shaƙatawa suke shiga a Bahar Rum, su ci su kwanta yana yawo da su. Namu jirgin a gutsure yake. Kar ce daga Dutsi zuwa Doso, wajen kilomita 140. Wata motar zuwa Gaya, wajen 150. Sannan kogin Isa, wanda bayan da aka rufe gadar Malanbil a ƙarshen Yulin 2023 matafiya suka koma ƙetare shi cikin kwalekwale. Daga nan sai fiye da kilomita 700 cikin ƙasar Benin kafin ka ji warin gishiri. Mutanen da za ka yi wannan tafiya da su kuwa, tun daga tasha za ka gane su.

Ɗan sammako shi zai riga ka. An ce masa mota ƙarfe tara, shi ya yi asuba a masallacin tasha. Bai yarda da agogo ba, bai yarda da mai sayar da tikiti ba, duk ƙarar injin da ya ji a kan babbar hanya sai ya miƙe ya rungumi jakarsa, ko da tirelar albasa ce daga Galmi. Motocin Dutsi galibi masu wucewa ne, daga Maraɗi ko Damagaram suke tasowa, suna isowa lokacin da Allah ya iso da su. Sa'ar da tasa za ta tsaya, barci ya riga ya sace shi a kan benci, sai an tashe shi.

Hajiya mai kaya ba ta sammako, ita kayanta ne ke sammako. Tana isowa za ta ce wa mai sikeli, "Ɗana, ni ba ni da kaya, ƴan tsummokarai ne." Bayanta amalanke ne da jaki. Buhun dankalin turawa na lambunan Dutsi, buhun gero sussukakke, daudawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, zabi huɗu cikin kwando, da wata tukunya da aka naɗe da zane aka ɗaure da igiya. Hujjarta ba ta da kaushi: ɗiyarta na aure a Zangon Kwatano, kuma tun da aka kai ta ba ta ci tuwon kirki ba. Mai sikeli ya auna ya ce jika biyar. Hajiya ba za ta yi cinikin kuɗi ba, ta fi ƙarfin wannan. Za ta dube shi ta ce, "Kai ɗan wane gida ne?" Kafin ya farga an gano kakarsa ta wajen uwa ƴar Matankari ce, kuma Hajiya ce ta riƙe wa ƙanwar kakar tabarma ranar buɗar kai. Jika biyar ta koma dala ɗari, yaron ma ya ɗora da ba da haƙuri. Sai dai wannan dabara iyakarta ƙasar Arewa. Masu kwalekwalen Gaya ba su da kowa a Matankari, kuma zabo ɗaya-ɗaya suke ƙirgawa.

Wanda zai fi cika maka kunne shi ne Mushe, tsohon malamin lakwal da ɗansa mai aiki a Faransa ya taɓa kai shi hutun jirgin ruwa. Tun ranar da ya dawo, babu abin da ƙasar nan ta sake yi daidai. Yaron mota na jefa kaya cikin kar, Mushe na girgiza kai: a Marsai, in ji shi, tun daga gida ake ba ka sa'ar da za ka zo, ka manna wa akwatinka takarda mai lambar ɗakinka, ka miƙa shi a bakin tasha, ba ka ƙara ganinsa sai a ƙofar ɗaki. A ba ka ɗan kati guda, shi ne makulli, shi ne kuɗi, shi ne shaidar fita da shiga. Kuma ba ƙarya yake yi ba. Akwai jirage irin MSC World Europa, wanda ya fara aiki a 2022, mai ɗaukar fasinja fiye da 6,000, yana zagaya Marsai, Jenowa, Napoli, Mesina, Malta da Basalona cikin mako guda. Kafin jirgi ya tashi dole kowa ya koyi inda zai tsaya da yadda ake sa rigar ceto, ƙa'idar da aka tsaurara bayan Costa Concordia ya kife a gaɓar Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka rasu.

Abin da Mushe ba ya faɗa ya fi wanda yake faɗa daɗi. Ba ya faɗar cewa kuɗin neman bizar Turai yanzu yuro 90 ne, kusan jika 60, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko dala. Ko cewa ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, don haka mai son bin sahunsa yau sai ya fara da wata tafiyar kafin ya nemi izinin tafiya. Ba ya faɗar cewa kwana biyun farko a kwance ya yi su yana amai, kuma duk abincin nan da yake lissafa maka kallonsa kawai ya yi don tsoron naman alade, burodi da kilishin jakarsa suka riƙe shi. Uwargidansa ce ke ba da wannan ɓangaren a gidan biki. Akwai kuma saurayin da ke kujerar baya, wanda in an ambaci Bahar Rum ba ya dariya, domin wansa ta Agadas da Libiya ya bi, jirgin da ya shiga na roba ne. Mushe in ya lura da shi yakan ɗan rage murya.

Mai kashe masa baki kullum tsoho ne. Zai saurara har ƙarshe, ya tofar da goro, ya ce, "To Mushe, mako guda kuna tahiya bisa ruwa, ina kuka je?"

"Mun komo Marsai, Baba, inda muka tashi."

"Ashe ɓata kuka yi."

A shingen jandarmomi kuma mutum biyu ke bayyana. Ɗaya na da katin ɗan ƙasa, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, da takardar haihuwa, da ta aure, da rasidin lantarki, duka cikin leda uku. Ɗayan katinsa ya mutu tun mulkin Tanja, yana riƙe da shi ne don hoton ya yi kyau. Shi ake kira bayan rumfa, shi muke jira.

Sai mai makara. A Doso direban motar Gaya ya ce minti goma, sallah da fitsari. Shi a nan ne zai tuna yana son tsire, kuma ba na gaban tasha ba, na wani mahauci da ya sani can cikin gari. Jirgin Mushe ba ya jiran kowa. In ka wuce sa'a, sai ka nemi hanyar da za ka tarye shi a tasha ta gaba da kuɗin aljihunka. Namu direban yakan yi oda sau uku, ya ja a hankali, fasinja na ihu "Saura mutum!" Can sai ga kabu-kabu ta biyo mu a guje, gogan naka a baya, babbar riga na tashi, tsire a hannu. Yana shigowa shi zai fara faɗa.

Amma wanda na fi so a cikinsu duka shi ne sadauki. Ƙato ne, ɗan kokowa, zanen Arawa ya ratso masa kumatu daga gefen baki har kunne, damtse duk laya. Tun daga Kore Mairuwa yake ba da labarin mazajen da ya kayar, kuma in an taɓo tarihi zai tuna maka cewa a ƙasarsu ne, a Lugu, Sarauniya ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899. Duk gaskiya ne. To amma Lugu tudu ce. Ana isa bakin kogi a Gaya, ya ga ruwan damina ja wur ya cika ya batse, ga kwalekwale na rawa, ga yaro da gwangwani yana kwarfe ruwan da ke shigowa, sai sadauki ya gano takalminsa na bukatar gyara. Ya bar tsofaffi su shiga, don ladabi. Ya bar mata da yara, don mutunci. Hajiya da zabinta sun zauna daram. Can wani Bafillatani da ya sha ƙetare wannan ruwa da shanu zai ɗaga murya, tunda tsakanin Fulani da Arawa wasa ne gadadde, babu fushi: "Ba'are, shigo mana! Ko in goya ka?" Zai shiga, ya zauna a tsakiya, ya kama katako da hannu biyu, idonsa a kan ƙafarsa, yana karanto duk abin da ya sani da wanda ya manta. Ba na ganin laifinsa ƙwarai, don kwalekwalen da aka yi wa lodi fiye da kima yakan kife, kuma rigar ceto ba kowa ke samu ba. A nan dai Mushe ya fi mu gaskiya. Ana taka ƙasar Malanbil sadauki zai karkaɗe riga ya ce, "Wanga ɗan ruwan ne ake ta zuzutawa?"

Mai hoto ba ya bukatar dogon bayani. Shi bai ga kogi ba, bai ga teku ba, wayarsa ce ta gani. Kafin a kai tsakiyar ruwa duk dangin da ke WhatsApp sun san yana "ƙasar waje", kuma shi ne mai miƙewa tsaye cikin kwalekwale don ya samo gada a bayansa, har sai mai tuƙi ya daka masa tsawa.

Na ƙarshe ba ya cikin motar ma, amma shi ya fi kowa nauyi: mai saƙo. Yana jin za ka Kwatano zai zo rakiya da jerin bukatu. Wannan atamfa daga kasuwar Dantokpa, wancan batirin mota, kuɗin kuwa "in ka komo mu yi lissahi." Inna ita ba ta son atamfa. Za ta miƙo maka galan ta ce ka cika mata da ruwan teku, wani malami ya ce shi ne maganin ciwon gwiwarta. Ka karɓa da hannu biyu. Ka je bakin teku a Fijirose, igiyar ruwa ta kore ka, ka sha kwakwa, ka manta. Ba ka tuna galan sai a hanyar dawowa, an riga an baro Gaya. Sa'arka ɗaya, nan kusa ne Dallol Foga inda ake dafa gishiri, kuma a Doso akwai famfo. Inna za ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta sa maka albarka, bayan sati ta aiko a gaya maka gwiwa ta yi sauƙi, baɗi ka zo da galan biyu don maƙwabciyarta ma na so.