Ranar da Muka Soya Kuloci a Hanyar Argungu

A watan Maris na 2020 aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu, bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Surukina ya aiko cewa ni zan kai shi daga Birnin Kebbi. Mutumin da ya ba ka 'ya ba ka ce masa motarka ba ta da lafiya, sai na ce to.

Ciwon motar kuloci ne. In na taka feda sai ta tafi da kuka, ta lafe a ƙasa, ba ta dawowa sai an ɗago ta. Kullum da babban yatsan ƙafa nake ƙwaƙulo ta. Ran nan kuwa sau-ciki na sa, don ba a fita da suruki da silifa.

Baba, wato surukin nawa, na gaba, ƙanin matata na baya. Duk canjin giya sai na sunkuya na janyo feda da hannu. Sunkuyon farko Baba ya ce, "Allah shi yi albarka." Na biyu ya ce, "Ai mun gaisa tun gida." Kafin mu fita gari na rusuna masa fiye da ranar ɗaurin aure. Ya waiwaya ya ce wa ɗansa, "Ka ga ladabi, ka koya." Motar kuwa duk sunkuyo sai ta leƙa gefen titi ta dawo.

A Ambursa ƙanin matata ya ce a tsaya. Ya taɓa yin hutun makaranta wurin mai facin taya, tun daga nan ba a faɗa masa komai game da mota. Ya buɗe bonet, ya nuna wani ƙarfe da ya leƙo daga jikin giyabos, sanye da roba. Ya ce, "Yaya, fok ne ya bushe, mai yake so." Ya tsallaka wurin mai ƙosai ya dawo da kwalbar man gyaɗa, ya janye robar, ya tuttula har ɗigon ƙarshe. Na taka feda, ta sauka lumui, ta dawo da kanta. Baba ya ce ashe karatun yaron bai tafi a banza ba.

Ba mu yi nisa ba sai na ga ina taka totur, inji na ruri, mota na rarrafe. Wani ƙauri ya cika ciki. Baba ya shinshina ya ce, "Wa ka tuya cikin motag ga?" Ba wanda ya amsa. Masunta bisa babura suna ta wuce mu da gorunansu da homa. Can sai amalanken shanu ɗauke da buhunan shinkafa ya zo daidai tagata, yaron da ke korawa ya ce, "Sannunku da hutawa."

Nan Baba ya buɗe tarihi. Ya ce a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taso tun daga Sakkwato ya zo Argungu, aka yi masa kamun kifi don murnar zaman lafiya, bikin ya samo asali, kuma bai ji an ce ya makara ba. Ya ce a 2016 UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya, yanzu mutanen wasu ƙasashe na bakin Matan Fada, shi da ke kilomita hamsin da 'yan kai yana nan yana shaƙar ƙosai. Kamun kuwa ba ya wuce sa'a guda: a buga bindiga, dubban masunta su auka ruwa, a fito da giwan ruwa a auna. Da ya gama sai ya tare ɗan acaba, ya tattare babbar riga, ya hau bai waiwayo ba.

Mu kuma muka ƙarasa da turi da taimakon samarin hanya. Muna shiga Argungu jama'a na dawowa da kifi a kafaɗa.

Bakaniken da muka samu Bakatsine ne, abokin wasan Kabawa. Ya sa yatsa a ramin fok ɗin, ya sansana, ya kira yaransa su zo su gani. "Ku Kabawa komai sai kun soya? Wannan kuloci ne, ba tarwaɗa ba." Da ya gama dariya ya yi mana karatu. In ka taka feda, man birki ne ke tafiya daga masta na sama zuwa na ƙasa, ya tura fok. Fok na juyawa ne a kan wani ɗan dunƙulen ƙarfe, ya danna beyarin, beyarin ya saki farantin kuloci daga inji. Ƙurar hunturu ke shiga ta tsagar roba ta busar da giris ɗin wurin. Magani shi ne a goge, a shafa giris mai jure zafi gwargwadon ƙwayar gyaɗa a kan dunƙulen da inda sandar masta ke zama. Farantin kuwa da kamu yake aiki, mai na taɓa shi sai santsi.

Ƙanin matata ya ce, "To ai na gano ciwon." Bakanike ya ce, "Ka gano, kuma ka kashe majinyacin da magani."

Aka sauke giyabos, aka sa sabon faranti. Aikin da kuɗin kwanon tuwo zai biya ya cinye kuɗin cefanen wata. Baba ya koma gida a motar haya, ya shaida wa iyali cewa surukinsa akwai ladabi, amma kada a bi shi tafiya.

Mai karatu, in kulocinka ya fara lafewa, ka kai shi gareji tun kafin ranar biki. In kuma ɗan'uwa ya ce ya iya gyara, tambaye shi awon man kafin ya buɗe kwalba.