Kati 52, Hali Iri-iri

Mai dabon da ya baza maka karta ya ce "zaɓi wanda ka ga dama", sau da yawa ya san inda kowane kati yake kwance tun kafin ya baro gida. Katin ba tabo, ba lanƙwasa, irin na kanti ne. Jera shi kawai aka yi, ɗaya bayan ɗaya har 52, shi kuma ya haddace jerin ko ya riƙe ƙa'idar da aka bi. Da ya saci kallon na ƙasa, ya san na sama. Dabarar ta kwana biyu, domin tun 1593 wani Ba'italiye, Horatio Galasso, ya buga ta a littafi a Venice. Abin da ke cin ran masu ita shi ne mutum ya shafe watanni yana wahalar da bai isa ya bari a gane ya sha ba, kuma wajen ɓoye wannan wahala ne halin kowa ke fitowa fili.

Sabon mahaddaci ba ya ɓuya. Ka ce masa "kati na 18", sai ido ya tafi rufin ɗaki, leɓe ya fara motsi, babban yatsa yana bin gaɓoɓin 'yan'uwansa. Daga farko zuwa ƙarshe ya iya jerin, saboda haka duk lambar da aka kira sai ya koma ya faro daga ɗaya, kafin ya iso shayin 'yan kallo ya huce. A gida ya manna katuna a madubin banɗaki da ƙofar firij. Lamba ba ta wuce shi lafiya. Uwargida ta ce ya dawo kafin ƙarfe 11, ya amsa da "sarauniyar zuciya", ita ta ɗauka yabo ne har da murmushi, alhali katin da ke lamba 11 a jerinsa yake tishi.

Maƙwabcinsa mai lissafi ne, wanda ya rantse ba zai haddace komai ba. Nasa tsarin shi ne na Si Stebbins, wani ɗan wasan Amurka da ya yaɗa shi wajen 1898: kowane kati ya ɗara na gabansa da uku, bayan 4 sai 7, bayan 7 sai 10, zanen katunan huɗu kuma suna juyawa bi da bi. Cikin minti biyar ake koyonsa, kuma zai gaya maka haka ko ba ka tambaya ba. Abin da ba zai faɗa ba shi ne katunan suna fitowa baƙi, ja, baƙi, ja, har ƙarshe. Shi ya sa in zai nuna maka fuskarsu, hannunsa ke wucewa da gudu, yana jan ka da hira kan zafin gari.

Sai 'yan ɓangare, waɗanda a wurinsu duniya gida biyu ce. Gida ɗaya na Simon Aronson ne, lauyan Chicago da ya fitar da jerinsa a 1979. Ɗayan na Juan Tamariz ne, mutumin Madrid, wanda littafinsa Mnemonica ya fito da Turanci a 2004. Mutanen Aronson na taƙama da rabon karta na caca da aka dasa a cikin jerin. Mutanen Tamariz su ce nasu ana iya kai wa gare shi daga sabon kwali a gaban jama'a. Musun bai da maraba da na 'yan Madrid da 'yan Barca a gidan kallon ƙwallo: an san duk abin da kowa zai faɗa, ba a taɓa jin wanda ya sauya ra'ayi ba, gobe kuma a dawo. Ni abin da ke ba ni dariya, jerin biyun duka da tara mai daiman suka ƙare. Akwai ma wanda ya ce shi zai raba gardama ya haddace duka biyun, yanzu in aka ce masa "kati na ɗaya" sai ya tambaya, "Na wa?"

Wanda na fi tausaya wa shi ne mai gadi. Bawan Allah nan ya san yanka karta ba ya ɓata jeri, wurin farawa kawai yake sauyawa, don haka "yanka" ba ta barin bakinsa: yanka, ƙara yankawa, ba wa na kusa da kai ya yanka. Amma ka kai hannu za ka cakuɗa, sai gumi ya tsatso masa. Ya san Dave Bayer da Persi Diaconis sun nuna a 1992 cewa cakuɗa bakwai irin ta 'yan caca ta isa ta hargitsa kati 52, ya kuma san shi ko guda ɗaya ta ishe shi kuka. (Diaconis ɗin nan farfesan lissafi ne a Stanford, amma yana ɗan shekara 14 ya bar gida ya bi shahararren mai dabo Dai Vernon, ka ga ɗan gida ne ya tona.) Cakuɗar ƙarya ita ce makamin mai gadi, yana ta juya katuna ba wanda ya bar gurbinsa. Makami na biyu wani kwalin ne jerarre a aljihun hagu, shi ya sa kwat ɗinsa ke karkata gefe ɗaya. Babban abokin gabarsa yaro ɗan shekara bakwai ne a wurin biki, mai hannu duk maiƙo, da zai ce, "Kawu, kawo in gani."

Mai cakuɗar da ake kira faro kuwa gwanin yatsu ne. Yana raba katin 26 da 26 cif, ya saƙa su ɗaya cikin ɗaya, kuma in ya yi haka sau takwas ba kuskure, na sama yana zama a sama, jerin ya koma yadda yake. Gaskiya ce tsantsa. Sai dai a ta bakwai kati biyu ke mannewa, ya ce a ba shi minti ɗaya.

Akwai malamin kan kujera. Ya san Louis Nikola da tsarinsa na 1927, yana iya kwana yana bayanin yadda David Berglas na Ingila ya riƙa sa mutum ya kira kati, wani ya kira lamba, a ƙirga a tarar da shi a nan. Ka ce ya nuna maka ko ɗaya, sai ya shafa aljihu ya ce ai bai fito da karta ba.

Gwanin gaske ba ya kama da gwani. Dubi Tamariz da hularsa da gashinsa buzu-buzu, yana ihu, yana dariya, katuna a warwatse kan tebur, in ya gama ya goga gogen da babu shi a hannunsa. Ba mai kallonsa ya tuna da hadda. Wannan ne matsayin da duk na baya ke nema, kuma ladan wanda ya kai shi ne wani a bayan taro ya ce, "Wannan da aljanu yake aiki." Mai dabo ya yi murmushi, cikinsa na tafasa, wata shida na tishi an ba wa aljanu kyauta.

Duk da haka gara wannan da ɗan kallo mai mantuwa. An ba shi kati, ya duba, ya mayar, an yi ta yanka. Mai dabo ya san katin, ya san lambarsa, ya ɗaga shi sama da alfahari ya ce, "Shi ne?" Mutumin ya ƙura ido, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, ja dai na san ja ne."