Jinjina ga kwalekwalen kasuwar Goronyo

Samarin Turai da 'yan matansu sukan shekara suna tara kuɗi don su goya jaka su tafi Bali ko Zanzibar ko tsibiran Tailan, su riƙa tsallakawa daga wannan tsibiri zuwa wancan a jirgin da ya fi araha, su dawo gida suna fariya da ƙanƙantar abin da suka kashe. Da sun san gabashin Sakkwato, da sun rage baki. Mu tsibiranmu ba ma zuwa nemansu, su ne suke zuwa su same mu har gida. Da zarar damina ta yi tsakiya, gulbin Rima da na Sakkwato suka cika suka batse, fadamun Goronyo da Wurno da Rabah suka sha, sai ka ga ƙauye ruwa gabas ruwa yamma. Ba biza, ba canjin dala. Ga kuma jirgin da babu kamarsa wajen araha, kwalekwalen katako mai kai mutane kasuwa ranar Lahadi. Shi nake wa jinjina yau, shi da duk waɗanda suka bar mu da shi.

Madalla da karimcinsa. Ba a taɓa jin mai fito ya ce wa fasinja jirgi ya cika ba. Buhunan shinkafa da albasa su fara shiga, a kwantar da babura a kansu, a ɗaure awaki a ƙafar mazauni, sannan mata da goyo su zauna a kan buhunan, maza su tsuguna a gefe. In wani ya taho da gudu daga kan tudu yana ɗaga hannu, sai ka ji an ce, "Ku muskuta mai, da wuri." Kullum da wuri. Kana iya auna tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa da yatsunka huɗu, wata ranar ma uku sun isa. A tsakiya akwai yaro, shekarunsa ba su wuce na makarantar allo ba, riƙe da yankakkiyar jarka yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta inda aka cusa tsumma a tsagar katako. Tun daga wannan gaɓa har waccan hannunsa ba ya hutawa. Yaron nan shi ne injiniya, shi ne jami'in ceto, shi ne inshorar mutum hamsin. Wace ƙasa ce ta taɓa tafiyar da sufuri da ma'aikata kaɗan haka?

Madalla kuma da rashin takarda. Wanda zai shiga jirgin Darussalam zuwa Zanzibar sai ya sayi tikiti da sunansa a jiki, sai ya nuna shaida, sai an ƙidaya shi. Wannan ɓata lokaci ne da aka hutar da mutumin ƙauyen Kagara. Ka miƙa kuɗin fito, ka ce bismillah, shi ke nan. Amfanin haka ya fito fili ranar Lahadi 17 ga Agusta, 2025, da jirgin da ya nufi kasuwar Goronyo ya kife. Sanarwar farko ta hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce akwai mutum fiye da 50 a ciki, an ceto 10, ana neman fiye da 40. A lura da "fiye da". Babu wanda zai iya cewa ga adadin, domin babu wanda ya rubuta. Masunta da 'yan iyo na gari suna nutso a ruwa, masu unguwanni suna bi gida gida suna tambayar wa ya fita da safe bai dawo ba. Ta haka ake gano fasinjojin jirginmu: sai an ga shimfiɗar da ba a kwana a kanta ba. Wanda ba a rubuta sunansa ba kuwa, ba ya hawa kan teburin kowa, ba wanda zai rasa kujerarsa saboda shi.

Kada a manta da wanda ya ƙera mana tsibiran. Madatsar ruwa ta Goronyo, da aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma an gina ta ne don noman rani da ruwan sha da rage ambaliya. A watan Satumba na 2010 ta cika har aka buɗe ƙofofinta, ruwan ya sauka a kan Kagara, gidajen ƙasa suka narke, rumbuna suka tafi da hatsin da ke cikinsu. Ambaliyar shekarar ta kai har birnin Sakkwato ta karya gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Gadar jami'a an gyara ta, kuma daidai ne a gyara. Manomin da ke ƙetaren gulbi, wanda shinkafarsa da albasarsa da tafarnuwarsa suke cika kasuwannin birni, shi aka yi masa gatan barinsa da al'adar kakanninsa. Ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance a Wurnonta, ƙasar da ta haifi Sardauna a Rabah, mutanenta suna haye ruwa yau kamar yadda aka haye shi a zamanin Bello, sai dai an ƙara babura a kan kayan.

Mai cewa to me ya hana su bin hanyar mota, ya tuna da wata Lahadin, 17 ga Oktoba, 2021, da 'yan bindiga suka shiga wannan kasuwa ta Goronyo suka buɗe wuta, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Tun kafin nan da bayan nan, hanyoyin gabashin Sakkwato har Sabon Birni da Isa ba a binsu sai da addu'a. Saboda haka a yaba wa zaɓin da aka ba talaka, zaɓi ne cikakke: ko daji ko ruwa. Matar da ta haura jirgin nan da jariri a bayanta ba jahilci ya saka ta ba. Ta ga ruwan, ta ga tsagar, ta san ba ta iya iyo. Ta auna ne ta ga babu wata hanyar da za ta sayar da kajinta ta sayo magani da gishiri.

Hukumomi su ma sun cancanci nasu kason. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, tana da dokoki masu kyau: ba tafiyar dare, ba lodin wuce kima, kowa ya sa rigar kariya. A 2023 aka kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku da arzikin ruwa, a 2025 kuma ta sanar da rabon rigunan kariya dubbai ga jihohi. Doka tana nan lafiya lau a takarda, ruwa bai taɓa jiƙa ta ba. Ba a kuma taɓa makara wajen ta'aziyya ba. Kafin a gama tsamo gawa, jerin motoci ya iso da buhunan shinkafa da alkawarin jiragen zamani, a ɗauki hoto, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kowa ya amsa da "Allah shi jiƙan su," a koma birni kafin la'asar saboda hanya.

A nan bakina ya gaji da yabo. A Afrilun 2022 mutum 29 suka nutse a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari, yawancinsu yara. A Mayun 2023 yara 15 na ƙauyen Dandeji, a Shagarin dai, suka tafi neman itacen girki ba su dawo ba. A Nuwamban 2021, a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Mauludi suka nutse. Duk inda ka duba dalilin ɗaya ne: tsohon katako, lodi ya yi yawa, ba riga, ba mai hanawa. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta ɗora babur a kan buhu ba, ba ita ce ta ƙi gina gada ba. Mai fito yana da nasa laifin, sai dai kuɗin da talaka zai iya biya ba ya sayen sabon katako in ba an cika jirgi maƙil, kuma shi ma da ɗansa mai jarka a cikin jirgin suke.

Abin da ake bukata a mashigin Goronyo ba ya bukatar kwamiti. Jirgi mai inji da ƙaramar hukuma za ta tallafa wa kuɗin mansa, riguna a rataye a bakin ruwa a hannun Sarkin Ruwa, a ba mai shiga a karɓa in ya sauka, da ma'aikaci ɗaya da littafi da biro kowace Lahadi daga Yuli zuwa Oktoba, wanda zai rubuta suna, kuma yana da ikon ya ce wa mutum na talatin da ɗaya ya jira sahu na biyu.